Daga ɗaukar sifika a Tudun Wada zuwa kiɗan hawus a Jozi

Assalamu alaikum jama'a. Ni DJ ne, ina kuma haɗa kiɗa a situdiyo, kuma nau'in kiɗan da rayuwata ta ƙare a kai shi ne wanda ake ce ma hawus. Na san yawancin mutanenmu in suka ji an ce DJ abin da ke zuwa musu a rai shi ne yaron nan da ake ɗaukowa ranar kamu ko dina ya saka waƙa ya dinga kiran sunan ƙawayen amarya, to nima daga nan na faro kuma har gobe ban raina wannan aikin ba, amma abin da nakeso ku ji daga bakina shi ne wannan harka sana'a ce mai maigida da yaro, ana koyonta da wahala, kuma mafi yawan aikinta da rana tsaka ake yinsa a ɗaki kai kaɗai ba wanda ke maka tafi.

A Tudun Wadan Kaduna aka haife ni. Da na gama sakandare ba halin wucewa gaba sai na maƙale ma wani mai ba da hayar kayan sauti, aikina ɗaukar sifika, naɗe waya, tada janareta, in wani abu ya ƙone in zauna da dalma in lallaɓa shi har ya tashi. A nan hannuna ya faɗa da gyara. Abu na biyu da na kwasa a gidajen biki kuma shi ne kallon masu kalangu, don in mun gama namu sai in tsaya ina kallonsu, mutum yana kiɗa amma idonsa na kan mata, da ya hango wata gwaggo ta fara gyara ɗaurin zani ya san ta kusa shigowa fili sai ka ji ya juya kiɗan ya bi ta, kafin ka ce me an fara liƙi. Lokacin ban san ilimi nake ɗauka ba.

A 2009 Yayana da ke Afirka ta Kudu ya aiko in je in taya shi zaman shago. Shagon gyaran waya ne a tsakiyar Johannesburg, wadda ake ce ma Jozi, kusa da Small Street, muna kwana a Mayfair inda Somaliyawa da Indiyawa suke da yawa, ga masallatai ga abincin halal, ba ka da matsala ta wannan ɓangaren. Abin da ya fara damuna a garin ba sanyi ba ne, kiɗan cikin motocin haya ne. Ka shiga bas a tashar Bree direba ya ƙure sauti, dum dum dum dum, ba farko ba ƙarshe, ina ce ma Yaya wai su mutanen nan ina waƙar take ne, ai wannan ganga ce kawai. Sai a hankali kunnena ya buɗe na fara jin ashe a ƙarƙashin wannan dum dum ɗin abubuwa shiga suke suna fita, fiyano ya leƙo ya koma, muryar mace ta zo ta faɗi kalma uku ta ɓace, kuma waƙa tana ƙarewa wata ta riga ta shigo ba ka san lokacin da aka yi canjin ba. Wannan canjin da ba a ji shi ya kama ni. Na kwana ina tunanin ya ake yi.

2010 shekarar kofin duniya ce, gari ya cika ya batse, kuma a shekarar ne wani DJ ɗan ƙasar da ake kira Black Coffee ya tsaya ya yi kiɗa na awa 60 a Maponya Mall da ke Soweto. Na samu na je na gani da idona. Mutum dogo, natsattse, ba tsalle ba ihu, hannunsa na hagu a aljihu, da hannu ɗaya yake komai, shi ke juya faifai shi ke murɗa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin waƙa biyu. Na tambayi na kusa da ni me ya sa ba ya fito da ɗayan hannun, nan aka ba ni labari. Sunansa na gaskiya Nkosinathi Maphumulo, an haife shi 1976 a yankin Durban ya tashi a Mthatha, kuma a watan Fabrairun 1990 ana cikin murnar sakin Mandela motar haya ta kutsa cikin taron jama'a, yana cikin waɗanda ta buge, jijiyoyin hannun suka mutu tun yana yaro. Duk da haka ya je ya karanci jaz a Durban, ya fitar da albam ɗinsa na farko a 2005. Wallahi na dawo gida ranar jikina a sanyaye, ina kallon hannuwana biyu lafiyayyu ina tambayar kaina me nake jira.

Maigidana kuwa Allah ne ya kawo shi har shago. Wani dattijon Bazulu ne, ya shigo da miksa a hannu wai an ce masa akwai yaro ɗan Najeriya mai gyara. Yaya yace mu waya muke gyarawa Baba, ni kuma nace Yaya dan Allah bari in duba. Abin jan sautin ne ya cushe da ƙura da lemon da ya taɓa zubewa a ciki, na buɗe na wanke na sake dalma a wuri biyu ta tashi. Da ya zo biya nace ba na son kuɗi, so nake ya nuna min yadda ake haɗa waƙa biyu. Ya kalle ni ya daɗe sannan yace, mfana, wato yaro da yarensu, ranar Lahadi ka zo ka ɗaukar min kaya.

Na daɗe ina ɗaukar kaya kafin ya bari in taɓa komai. Akwatunan faifan garmaho ne masu nauyin tsiya, tun na shekarun 1990 yake tara su, da yawa a shagon House Afrika na titin Louis Botha ya saye su. Ranar Lahadi muna zuwa wuraren gashin nama na unguwanni da suke kira shisa nyama, tun rana ake farawa, iyali su zo, a ci nama a ji kiɗa. Ni ina tsaye a bayansa ina miƙa faifai ina mayar da wanda aka cire cikin rigarsa. Da ya ga ban gudu ba sai ya fara koya min a garejinsa, a kan na'urorin juya faifai na Technics guda biyu, kuma ya hana ni duk na'urar da ke nuna ma lamba a fuska. Yace kunne zai yi aiki ba ido ba.

Ga yadda abin yake ga wanda bai sani ba. Kiɗan hawus babbar ganga ce ke bugawa sau huɗu a kowace gaɓa, ba fashi, yawanci tsakanin bugu 120 zuwa 125 a minti ɗaya. Waƙa ɗaya na fita a sifika jama'a na ji, kai kuma kana jin ta biyun a hedifon da kunne ɗaya, aikinka ka ja ɗan maɓallin gudu sama ko ƙasa har gangar wannan ta hau kan gangar waccan daidai wa daida. In ba su hau ba sai ka ji kamar dawakai na sukuwa ranar hawan sallah, kowa a fili zai ji, kuma ƙafar mai rawa ita ke fara sani. Bayan wannan sai ƙirga, don kiɗan a jere yake gaɓa 8, 16, 32, kuma a kan waɗannan iyakokin ne abu ke shiga ko ya fita, in ka shigo da sabuwar waƙa a tsakiyar zance ko da gangunan sun hau to ka yi ɓarna. Sai kuma bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, ba a barin bes biyu su yi magana lokaci ɗaya, za ka rage na mai fita kana ɗaga na mai shigowa. A faɗe abu ne mai sauƙi. A hannu kuwa sai da na yi ta yi har yatsuna suka daina tambayata.

Amma maigidana bai ɗauki wannan a bakin komai ba, cewa yake wannan kowa zai iya in ya nace. Abin da ya fi tsananta min a kai shi ne zaɓen waƙa da sanin lokaci. Farkon abin da ya fara bari in yi shi ne buɗe fili, wato awannin farko lokacin da mutane ke shigowa suna gaisawa ba wanda ya zo rawa tukun. Yaro in ya samu dama so yake ya saki duk manyan waƙoƙin da ya tara don a san ya iso, shi kuma yace min in ka kunna wutar da ƙarfe uku me za a dafa da ƙarfe bakwai, kai aikinka ka ɗumama wurin ka miƙa ma na bayanka fili a shirye. Har yau ina ganin wanda bai iya buɗe fili ba bai iya DJ ba ko da sunansa ya kai ina. Kuma a nan ne karatun masu kalangun Tudun Wada ya dawo min, na daina kallon na'ura na koma kallon mutane, wa ya fara kaɗa kai, wace ce ta ajiye faranti, teburin can na dattawa me zai tashe su.

A garejin nan ne kuma na ji tarihin abin. In ya gaji sai ya zauna kan akwati ya fara ba ni labarin Frankie Knuckles kamar wani ɗan uwansa na jini alhali bai taɓa zama da shi ba. Haifaffen New York ne, 1955, abokin wani DJ Larry Levan tun suna samari, a 1977 ya koma Shikago ya zama DJ na wani gidan rawa da ake kira Warehouse, wanda daga sunansa ake cewa kiɗan ya samo suna. A 1979 aka yi wani taro a wani filin wasa na Shikago aka tara faifan disko aka tarwatsa su da nakiya, kamfanoni suka ja baya da irin kiɗan, sababbin faifai suka yi ƙaranci. Maimakon ya haƙura sai ya koma kan tsofaffin, ana yanka tef da reza ana liƙawa, a tsawaita inda ya ga mutane sun fi so, daga baya ya kawo injin ganga na Roland TR-909 yana ɗora bugu mai nauyi a ƙarƙashi. Yaran Shikago da ke zuwa rawa suka koma gida suka fara haɗa nasu da injuna masu araha, zuwa 1984 faifai sun fara fita, kafin ƙarshen shekarun 1980 abin ya tsallaka Ingila ya kama Turai. Da Grammy suka buɗe kyautar mai rimiks, wato mai sake ma waƙar wani sabon kiɗa, a 1998 shi ya fara ɗauka, a 2004 kuma aka saka ma titin da Warehouse yake sunansa. Maigidana yana son ya tsaya a kan maganar reza ɗin nan, yace ka gani ko, rashin kaya ne ya haifi kiɗan nan, don haka kada in ji kana min kukan ba ka da kayan aiki.

Su kuma nan Afirka ta Kudu da faifan suka iso a ƙarshen zamanin wariyar launin fata, DJ-DJ na unguwanni suka dinga rage musu gudu ana ɗora zance da harsunan gida, daga nan kiɗan da ake kira kwaito ya fito. Gidan rediyon YFM da aka buɗe 1997 ya ƙara tura abin, DJ-DJ irin su Oskido, Vinny Da Vinci, Christos suka riƙe harkar. Shi ya sa a wasu ƙasashen hawus kiɗan dare ne na wasu tsiraru, a can kuwa kiɗan kasuwa ne da mota da gidan aski, tsohuwa ta san shi jikanta ya san shi.

Maganar gida ba zan tsallake ta ba don ita ta fi ci min rai. Yaya bai so ba sam. Yace na kawo ka neman halal ka ɓige da bin masu kiɗa, me zan ce ma Umma. Nace Yaya ka yi haƙuri ni zan faɗa mata da bakina. Na kira ta na faɗa mata komai ban ɓoye ba, har da cewa wasu wuraren da ake kirana ana sayar da giya. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan tace ita ba ta jin daɗin abin kuma ba za ta ce tana ji ba, amma tunda na faɗa mata gaskiya to in riƙe sallah, kada kwalba ta taɓa bakina, kada kuma in ci haƙƙin kowa. A kan wannan nake har yau da ikon Allah. Ban zo yi ma kowa fatawa ba, na san abin da malamai da yawa suke faɗa a kan kiɗa kuma ban taɓa yi musu rashin kunya ba, ni ma abin yana min nauyi wani lokacin. Abin da na iya yi shi ne na fi karɓar aikin rana a kan na dare, azumi in ya kama ina rufe littafi gaba ɗaya ko nawa za a ba ni, kuma akwai wuraren da ko an kira ni ba na zuwa. Na rasa ayyuka saboda haka, sosai ma, kuma ban yi da na sani ba.

Haɗa kiɗa kuma da tsohuwar laftof na fara, wadda wani ya kawo gyara ya ga kuɗin ya yi masa yawa ya sayar min. Na saka manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, in an tashi daga shago in zauna har tsakar dare. Abubuwan farko da na haɗa duk kwaikwayo ne, in kai ma maigida ya saurara ya ce yayi kyau amma wannan na wane ne, wancan ma na wane ne, ina naka. Rannan yace min kai ba daga wani wuri ka fito ba ne, garinku ba a kiɗa? Maganar ta zauna min. Dama misalin na gabana, abin da ya fara fito da Black Coffee shi ne rimiks ɗin da ya yi ma Stimela ta Hugh Masekela, waƙar jirgin ƙasan da ke kwaso leburori zuwa mahaƙar zinari, wato abin gidansu ya ɗauka ya sa masa sabuwar riga ba na Shikago ya je ya aro ba.

Da na je gida a 2013 sai na nemi wani dattijo mai kalangu da na sani tun ina ɗaukar sifika. Na same shi a zaure na durƙusa na gaishe shi nace Baba so nake in ɗauki kiɗanka a na'ura. Yace ɗana in ka ɗauka ina za ka kai shi? Na yi masa bayani iya iyawata, nace zan biya yanzu, kuma zan rubuta sunanka a takarda duk abin da ya shigo kana da kaso. Ya yi dariya yace shi dai a ba shi na hannu, na takarda Allah ya kai mu. Ya kaɗa min kiɗa kala-kala, na mahauta, na 'yan mata, da wasu da yace tun yana yaro rabon da a nema.

Dawowa da wannan sauti cikin kwamfuta shi ne aiki mafi wuya kuma mafi daɗi da na taɓa yi. Kalangu ba ya tsayawa a murya ɗaya, mai shi yana matse tsirkiya a hammata murya ta hau ya saki ta sauka, magana yake yi, to in ka ɗora masa fiyano a kan maki ɗaya, wato matakin murya ɗaya, sai ka ji wani wuri sun daidaita wani wuri suna faɗa. Na biyu, da yawan kiɗanmu tafiyar uku-uku yake yi alhali gangar hawus huɗu-huɗu take. Kwamfuta kuma tana da wani umarni da ke jawo kowane bugu ya zauna cif a kan layi, in ka danna shi a kan kalangu komai zai daidaita amma ran kiɗan ya fita, ya zama ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da na gano shi ne a bar Baba inda yake, ni in gina komai a kewayensa. Na rage kayan kiɗan, na zaɓi maki daga inda muryar kalangun ta fi zama, na sassake ƙasan sautinsa kaɗan don kada su yi karo da bes, na sa bes ɗin ya dinga ɗan sunkuyawa duk sanda babbar ganga ta buga. Ranar da na gwada shi a fili a Soweto ban faɗa ma kowa nawa ne ba, na dai saka shi a tsakiya. Mutanen da ba su taɓa jin sunan kalangu ba suka yi ta rawa, wata mata ta zo har gaban tebur tana tambayar wace ganga ce wannan mai magana. Maigida yana gefe bai ce komai ba sai da muna loda kaya yace, yau ka zo.

Daga nan aka fara kawo min rimiks. Yadda ake yi, mai waƙa ko kamfaninsa za su turo ma waƙar a wargaje, murya daban, fiyano daban, ganguna daban, kai kuma ka ɗauki abin da kake so, yawanci muryar, ka gina sabon gida a ƙarƙashinta. Wani lokacin waƙar soyayya ce mai sanyi a ce ka mayar da ita ta fili, dole ka ja muryar ta hau sabon gudu ba tare da ta koma ta aljanu ba, kuma dole ka girmama mai waƙar, kada ka binne abin da yake faɗa don ka nuna kai gwani ne. Abin da matasa ba su sani ba shi ne yawanci mai rimiks kuɗin aiki ake biyansa sau ɗaya shikenan, waƙar ba tasa ba ce, ko da nasa ya fi na asalin tashi. Akwai wani ƙaramin kamfani da na yi ma aiki, abin ya karɓu har rediyo, aka yi ta min gobe jibi har yau ban ga ko sisi ba, sunana ma a gurguje aka rubuta. Ya min ciwo ba kaɗan ba don na zuba raina a aikin. Maigida ne ya kama hannuna ya kai ni ofishin SAMRO a Braamfontein, masu karɓo ma marubuta kiɗa haƙƙinsu in an saka a rediyo ko wurin taro, ya kuma yi min bayanin CAPASSO masu kula da ɓangaren kwafi da saukewa ta intanet. Tun daga lokacin ba na buɗe laftof sai an rubuta wa ke da me, kashi nawa, an sa hannu. Waƙoƙina na kaina kuma ina saka su a shafin sayar da kiɗa na Traxsource da sauran wuraren saurare, kuɗin ba yawa, yana zuwa a hankali, amma yana zuwa ko ina barci, kuma kason Baba na fita daga ciki kafin nawa. Ranar da na fara tura masa ya kira ni da wayar ɗansa yana ta sa min albarka, yace ashe na takardar ma yana zuwa.

Ranar 31 ga Maris 2014 Frankie Knuckles ya rasu a Shikago, ciwon suga ya daɗe yana cinsa har an yanke masa ƙafa shekaru kafin nan. Lahadin da ta biyo maigida ya kwaso tsofaffin faifansa ya yi awanni bai saka na kowa ba sai nasa da na mutanensa. Ban taɓa ganin dattijon nan ya yi hawaye ba sai ranar.

Akwai kuma abin da ba a faɗa ma yara, kunne. Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti awa takwas ne iyakarta a rana, in ta kai 100 kuwa minti 15 ne, kuma gidajen rawa da yawa a nan wajen suke, ga sifika a gefen kanka ga hedifon a kunne. Ni yanzu kunnena na hagu yana da wani siririn fito da ba ya ɗaukewa, in wuri ya yi tsit na fi jinsa. Likita yace ba ya warkewa sai dai a hana shi ƙaruwa. Ina saka abin toshe kunne na masu kiɗa duk inda zan yi aiki, kuma duk yaron da ya zo wurina shi nake fara sa shi ya saya kafin filash.

Shekarun baya-bayan nan sun yi tsanani. An far ma baƙi 'yan ƙasashen waje a 2015, sannan Satumban 2019 abin ya dawo da ƙarfi a Johannesburg, aka fasa shaguna aka ƙona wasu, muka rufe namu muka zauna a ɗaki muna jin jiniya. Air Peace ya kwashi 'yan Najeriya kyauta zuwa gida, Yaya yace shi ya gaji ya tattara ya tafi, yace in zo mu tafi. Na kasa. Kuma ina so a ji wannan, a kwanakin nan wanda ya zo da motarsa ya ɗauke ni ya ajiye ni a gidansa cikin iyalinsa ɗan ƙasar ne, maigidana, matarsa har tukunya daban ta ware min saboda ta san ba komai nake ci ba. Don haka in ana zagin mutanen ƙasar gaba ɗaya ba na iya sa baki. Ba a gama farfaɗowa ba korona ta zo, ƙarshen Maris 2020 aka kulle ƙasa, ba taro ba biki, duk wanda kiɗa ne kaɗai abincinsa ya shiga uku. Na ga manyan DJ suna sayar da kayan aikinsu. Ni dalmar Tudun Wada ce ta riƙe ni, na koma gyaran waya da miksa a ɗaki, da ɗan abin da ke shigowa na waƙoƙin da aka rubuta da sunana.

Da aka buɗe gari sai muka tarar wani kiɗa da ake kira amapiano ya cinye ko'ina, gudunsa ya fi namu sanyi, wajen bugu 112, ga wannan bes ɗin mai kama da gangar itace, su Kabza De Small da DJ Maphorisa suna kan gaba, har ya je Legas ya zauna. Wasu tsofaffin hannu suna ta ƙorafi, ni ban ga abin ƙorafi ba, jikan hawus ne da kwaito, a unguwannin Pretoria da Johannesburg aka haife shi, yara ne da laftof irin tawa. Abin da kawai ke ɓata min rai shi ne in ji wani a gida yana rantsuwa wai a Najeriya aka ƙirƙiro shi, a ba mai abu abinsa mana. Ina saka shi in fili ya nema, amma in na zauna haɗa nawa hawus nake yi.

A Afrilun 2022 Black Coffee ya ɗauki Grammy na albam ɗin kiɗan rawa, a Oktoban 2023 ya yi wasa a Madison Square Garden na New York, ga zaman wasa na bazara da ya fara a tsibirin Ibiza a 2017. Na yi murna kamar ni aka ba, don na ga mutumin nan a Soweto da hannu ɗaya kafin duniya ta gama saninsa. Ni ban kai ko kusa da nan ba kuma yawancinmu ba za mu kai ba, amma sana'ar nan ta yi min aure, tana biyan haya, tana kai ma Umma abin cefane duk wata, Yaya ma yanzu shi ke turo min muryoyin mawaƙan Kaduna yana cewa ka ji wannan ko za ta yi.

Maigida ya ajiye aiki, gwiwa ta hana shi tsayuwa, ina zuwa gaishe shi in kai masa abin da na haɗa kuma har yanzu bai daina gyara min ba. Yara biyu ke zuwa wurina, ɗaya ɗan Zimbabuwe ɗaya ɗan Soweto, suna ɗaukar kaya tukun. Baba mai kalangu Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama, kasonsa yanzu iyalinsa nake tura ma kuma haka zai ci gaba muddin waƙoƙin na kawo wani abu. Aikin da ke gabana bana na goge ne da kukuma, na riga na yi magana da wani makaɗi ta hannun Yaya, ya yarda, na tura takardar an karanta masa da Hausa a gaban 'ya'yansa ya sa hannu, in Allah ya kai mu bayan sallah zan shigo Kaduna mu ɗauka.